Game da Ƙawayen Kaka da Kika Tambaye Ni

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuri'a. Saƙonki ya same ni bayan sallar isha'i, na karanta shi har sau uku. Karon farko murmushi na yi, amma da na kwanta sai barci ya ƙi zuwa. Kin ce tun bayan rasuwar Kaka mahaifinki ya ɗora miki zuwa gaishe da ƙawayenta uku da suka rage a raye, kuma kina so ki sani ko wannan farilla ce ko kuwa al'ada ce kawai, tunda ba jini ya haɗa ku ba, har ma ɗaya daga cikinsu ba ta gane ki sai an yi mata bayani. Kin ƙara da cewa idan al'ada ce, me zai hana ki riƙa kiransu a waya, ko ki aika musu da ɗan abin alheri ta hannun wani, tunda ga aiki ga yara.

Abin da ya ba ni murmushi shi ne yadda kika yanka maganar gida biyu, ko farilla ko al'ada, kamar yadda kuka saba a jarrabawa. Abin da ya hana ni barci kuwa shi ne kalmar da kika yi amfani da ita, da kika ce su bare ne. A cikin waɗannan tsofaffi uku babu wadda ba ta goya ki ba, kuma akwai wadda ta kwana a kanki lokacin da kike fitar da haƙori mahaifiyarki tana kwance ba lafiya. Ban ga laifinki ba, domin ba a gaya miki ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Laifin namu ne da muka bar ku kuka girma kuna ganin mutane suna shiga suna fita a ɗakin Kaka, ba tare da mun zaunar da ku mun faɗa muku ko su wane ne ba.

Ku da Kaka kuka san ta, ni kuwa Inna nake kiranta, kuma da wannan sunan zan ci gaba. Kun riske ta ne ƙafa ta yi nauyi, tana zaune wuri ɗaya ana zuwa ana gaishe ta, shi ya sa kuke tsammanin haka mutane suke taruwa a kan kowane tsoho. Ba haka ba ne. Na ga tsofaffi masu 'ya'ya goma waɗanda ake wuni ba a ɗaga labulen ɗakinsu ba. Taron da kuka gani a kan Inna girbi ne na abin da ta shuka da ƙafarta sama da shekara 60. Tun ina yarinya ban taɓa ganin mayafinta a cikin akwati ba, kullum yana rataye a bakin ƙofa, kuma takalminta ya fi na kowa saurin cinyewa a gidan. Ba ta yi karatun boko ba, amma ta haddace sunan kowane yaro a unguwa da na uwarsa, ta san wanda yake jinya, ta san gidan da aka yi faɗa jiya, ta san matar da mijinta ya yi tafiya ya daɗe bai aiko ba. Idan mahaifinmu ya yi mata maganar yawan fita, sai ta ce mahaifiyarta ta gaya mata zumunta a ƙafa take, kuma da a baki take da an faɗa, da a hannu take ma da an faɗa. Shi kuma sai ya yi shiru, domin ya san ba yawon banza take yi ba, kuma ba ta taɓa fita ta bar aikin gida a kwance ba.

Bari in ba ki labarin wadda kuke kira Hajiya Amarya, wadda kika ce ba ta gane ki. Wataƙila kin lura da zanzanar da ke fuskarta da kuma idonta na hagu da ya yi fari, wataƙila kuma kin lura cewa Inna ma tana da irin wannan zanzana a goshi da kumatu, sai dai tata ta dushe saboda daɗewa. Wannan aikin agana ne. Ku ba ku san agana ba, kuma ku gode wa Allah. Ciwo ne da yake farawa da zazzaɓi mai zafi da ciwon baya, sannan ƙuraje su feso a fuska da hannuwa har tafin ƙafa, su cika da mugunya, su bushe su yi ɓawo. A cikin mutum goma da suka kamu, kusan uku ba sa tashi, waɗanda suka tashi kuma da yawa sukan fito da zanzana, wasu da makanta. Abu ɗaya da kowa ya sani tun kafin likitoci su faɗa shi ne, wanda ya yi agana ya warke ba ta sake kama shi. Inna ta yi tata tun tana ƙarama.

Ina da shekara 11 a lokacin, saura kaɗan a fara babban gangamin lamba, wato rigakafin agana, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 1967. An kawo wata yarinya aure maƙwabtanmu daga nesa, ba ta da dangi ko ɗaya a kusa, ko harshenmu bai gama zama a bakinta ba. Ba ta cika wata huɗu a ɗaki ba ciwon ya kama ta. Aka yi mata bukka can bayan gidaje aka kai ta, domin ciwon yana bin numfashi da tufafi da shimfiɗa. Mutanen gidan mijinta sukan ajiye mata abinci daga nesa su juya da sauri, kuma ba zan zarge su ba, tsoron mutuwa ba ƙaramin abu ba ne. A kwana na biyu Inna ta ji labarin cewa kwanon jiya yana nan yadda aka ajiye shi, ba a taɓa ba. Ta shiga wurin mahaifinmu ta daɗe, da ta fito sai ta ɗauki zane biyu da tabarma da fitila, ta damƙa ƙanena, wato mahaifinki, a hannun ƙanwarta, ta ce da ni aikina shi ne kai ruwa safe da yamma. Ta nuna mini wata bishiya ta ce nan ne iyakata, idan na ƙetare ta ba ta yafe ba.

Sama da mako uku ina kai ruwa gindin bishiyar nan. Nakan sauke tulu in ja da baya in kira ta, sai ta fito ta tsaya can nesa ta tambaye ni lafiyar gida, mutum bayan mutum, ba ta tsallake kowa. Nakan hango zannuwa a shanye waɗanda ta tafasa, in ji muryarta a cikin bukka tana ta yi wa yarinyar hira, ko da kuwa babu amsa. Daga baya na tambaye ta me take ce mata duk tsawon kwanakin nan, sai ta ce labarin mutanen unguwa take ba ta, gida gida, domin ta san cewa akwai waɗanda za ta tashi ta tarar. Ta ce mai ciwo idan ya ga babu mai jiransa a waje ba ya ƙoƙarin tashi. Sai da ɓawon ƙarshe ya faɗi, aka ƙone shimfiɗa da bukkar, suka yi wanka suka sauya tufafi, sannan suka dawo cikin mutane.

Ranar da ta fi zauna mini a rai ta zo ne bayan wannan. Amarya ta warke, amma ta ga fuskarta a madubi, daga nan ta shige ƙuryar ɗaki ta ƙi fitowa. Kyakkyawa ce da aka kawo ta, yanzu ga zanzana jajur ko'ina, ga ido ɗaya ya tafi. Ta yi kusan wata biyu ba ta leƙa tsakar gida sai da dare, kuma aka fara raɗe-raɗin za a mayar da ita wurin iyayenta. Wata safiya Inna ta ce in ɗauko mayafina in biyo ta. Muka shiga ɗakin muka tarar da ita ta juya wa ƙofa baya, ta lulluɓe kanta da zane. Inna ba ta lallashe ta ba. Ta zauna a gabanta, ta ɗaga fitila kusa da fuskarta ita kanta, ta kamo hannun yarinyar ta ɗora a kan kumatunta ta ce ta shafa. Na ga yatsun nan suna rawa suna bin ramukan zanzanar Inna ɗaya bayan ɗaya. Sannan Inna ta ce mata: "Da wannan fuskar na yi aure, da ita na haihu, da ita nake shiga kowane gida a yi mini shimfiɗa. Ido sau ɗaya yake mamaki. Tashi mu je su gama mamakinsu yau, gobe ki huta."

Ita da kanta ta ɗaura mata ɗankwali, ta hana ta ja mayafi ya rufe fuska. Muka fito, Inna a gaba tana riƙe da hannunta, ni a baya. Gidan farko da muka yi sallama, matar gidan ta fito da fara'a, da ta ɗaga kai sai fara'ar ta tsaya, wani yaro kuma ya ruga ya ɓuya a bayan uwarsa. Na ga ƙafar Amarya ta ja baya, na ga Inna ta ƙara matse hannunta. Ba ta bari shiru ya yi tsawo ba, nan take ta ce: "Ga 'yata na kawo muku, Allah ya tashi kafaɗunta, ku yi mata barka." Dole aka shimfiɗa tabarma, aka yi barka, Inna ta jawo hira a kan wani abu dabam, har matar gidan ta manta da kallo ta shiga ba da labari. Ba mu daɗe ba muka tashi sai gida na gaba. Haka muka yi tun hantsi har bayan la'asar, sallar azahar ma a gidan wata tsohuwa muka yi ta, kuma ban iya ƙidaya gidajen da muka shiga ba. A gidaje na farko Amarya ba ta iya amsa gaisuwa, sai hawaye daga idon nan guda. Wajen tsakiyar rana ta fara amsawa a hankali. Da yamma, a wani gida, wata jaririya ta miƙo mata hannu, uwar ta ɗan yi jim, Inna ta karɓi jaririyar ta ɗora mata a cinya ba tare da ta nemi izinin kowa ba. A nan ne na ji dariyarta karon farko. Da muka dawo ƙafafuna sun kumbura, na yi ƙorafi, Inna ta ce in jiƙa su a ruwa, domin akwai sauran gidaje uku da ba mu samu mutanen ba, kuma gobe za mu koma.

Ba a mayar da ita ba. A ɗakin nan ta haifi 'ya'yanta duka, kuma sunan Amarya da Inna take kiranta da shi ya bi ta har ta yi jikoki. Agana kanta ta riga su duka barin duniya, domin mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a an same shi ne a Somaliya a 1977, kuma a 1980 aka yi shelar an kawar da ita baki ɗaya. Abin da ya rage shi ne tabon lamba a damtsen irinmu, da fuskokin irinsu, da kuma abotar nan da ta kusa shekara 60 ba a taɓa jin kansu ba. A makon ƙarshe na rayuwar Inna, mu 'ya'yanta muna karɓa-karɓa muna zuwa muna hutawa, amma Hajiya Amarya ba ta tashi daga gefen gadon ba. Ita ce take jiƙa auduga tana shafa mata a leɓe, kuma na ji ta da kunnena cikin dare tana ba Inna labarin mutanen unguwa, gida gida. Wannan ce kika ce bare ce, 'yata.

Game da ko farilla ce, ni ba malama ba ce, kuma ba zan ɗora miki abin da Allah bai ɗora miki ba. Sai dai Inna ta shiga makarantar islamiyya tana da jikoki, kuma akwai ƙissoshi biyu da ta riƙe daga malamarsu tana yawan maimaita mana. Na farko shi ne abin da Nana A'isha ta ruwaito, cewa bayan rasuwar Nana Khadija, wadda ta rasu kimanin shekara 3 kafin hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da rabonsu, alhali shekaru sun shuɗe. Na biyu shi ne na Abdullahi ɗan Umar, wanda ya haɗu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa, ya cire rawanin kansa ya ba shi. Abokan tafiyarsa suka ce ai mutanen ƙauye da kaɗan ma suna gamsuwa, sai ya ce mahaifin wannan mutum masoyin Umar ne, kuma ya ji daga Manzon Allah cewa yana daga mafi girman biyayya mutum ya sadar da masoyan mahaifinsa. Imamu Muslim ya kawo wannan. Inna takan ce mu lura, ba balaraben ne abokin Umar ba, ubansa ne, amma duk da haka ɗan Umar ya sauka daga kan jakinsa. Daga nan sai ta ce, iyaye idan sun mutu ba su da sauran ƙofar da za ka je ka durƙusa ka gaishe su sai ƙofar waɗanda suka so.

Maganar waya kuwa, ban hana ki kira ba, ni ma da ita nake rubuto miki wannan. Amma ki sani, babu tsohuwar da za ki kira ki tambaye ta jiki ta ce miki wani abu ban da lafiya lau, ko da kuwa ta kwana biyu ba ta iya tashi ba. Inna idan ta shiga gidan tsohuwa, bakinta yana gaisuwa idonta yana aiki. Takan dubi randa ta ga ko da ruwa, ta dubi shimfiɗa ta ga yaushe rabon a wanke ta, ta dubi ƙafa ta ga ko ta kumbura, ta lura ko jikoki suna shigowa ɗakin ko sun ƙaurace masa. Ba ta faɗin abin da ta gani a wurin, sai ta fito ta nemi babban ɗa ta yi masa magana a keɓe. Gani ya kori ji, kuma waɗannan abubuwa ba sa bin waya. Abin da za ki aika da shi ta hannun wani zai isa, za a sa miki albarka, amma ɗan aike ba zai zauna a ba shi labarin da aka riga aka ba shi sau goma ba, alhali wannan zaman shi ne abin da suka fi rasawa tun da Inna ta tafi. Ita ce take haɗa su, ita ce mai kai labarin wannan ga waccan. Yanzu kowacce tana ɗakinta, tana jin labarin rasuwar sa'o'inta ɗaya bayan ɗaya.

Abin da yake damuna da ku 'ya'yan yanzu ba rashin kirki ba ne, kuna da kirki, kuna da kyauta fiye da yadda muka samu ikon yi. Amma kun mayar da zumunci abin da ake sallama da sauri, kamar bashin da ake biya a huta. Ranar ta'aziyyar Inna na ga waɗanda suka sa hotonta a WhatsApp da dogon yabo, alhali shekara uku rabonsu da ɗakinta, na kuma ga waɗanda suka zo suka zauna kansu a sunkuye kan waya, tsohuwa tana gefensu ba su ce mata ya haƙuri ba. Na ji a rediyo cewa a 2018 Ingila ta naɗa minista musamman domin matsalar kaɗaici, Japan ma ta yi haka a 2021. Ƙasashe ne masu asibitoci da kuɗin fansho da wayoyi a kowane hannu, amma tsofaffinsu suna wuni ba wanda ya yi musu magana, har abin ya zama aikin gwamnati. Da na ji, Inna ce ta faɗo mini a rai, da mayafinta a bakin ƙofa.

Kada ki ɗauka ni na tsira daga wannan. Ƙawayen Inna huɗu ne lokacin da ta rasu, ba uku ba. Ta huɗun ta aiko mini sau biyu tana cigiyata, na ce sai na gama wata hidima, na ce sai ƙarshen wata. Ranar da na je, zaman makokinta na tarar. 'Yarta ta miƙo mini wani tsohon zobe na Inna da ya daɗe a hannun mahaifiyarta, ta ce shi take ta nemana ta ba ni da hannunta, kuma akwai maganar da take so ta gaya mini a kansa. Zoben yana yatsana yanzu da nake rubutun nan, maganar kuwa ta tafi da ita, kuma duk lokacin da na dube shi sai zuciyata ta yi nauyi.

Na san aikinki da yawa, kuma ban ce ki yi irin na Inna ba, ko ni ban iya ba. Idan za ki je wurin Hajiya Amarya, kada ki tsaya yi mata bayanin sunan mahaifinki da na mijinki, ki ce mata ke jikar Inna ce, za ki ga yadda za ta laluɓo hannunki. Ki zauna ta damanta, domin idon hagun ba ya gani, kunnen wannan gefen ma ya yi nauyi. Ki tafi da ƙaramar 'yarki, wadda aka sa wa sunan Inna, ki ɗora mata ita a cinya. Ni ma ina da niyyar zuwa ranar Asabar bayan la'asar, idan Allah ya kai mu, in kin samu sarari ki biyo ta nan mu tafi tare. Ki gaishe mini da maigidanki da yaran.